Gani Ya Kori Ji: Ɗokin Ganin Mawaƙi a Dandali da Matsayinsa a Nazarin Waƙar Baka

1.0 Gabatarwa

A daidai lokacin da muke rubuta wannan maƙala, saura mako uku a yi wani biki a unguwarmu da ke garin Kuje. Wani dillalin doya, mutumin ƙasar Katsina da ya daɗe a garin, zai aurar da 'yarsa, ya kuma aika wa wani makaɗin kalangu na can gida goron gayyata. Makaɗin nan ba baƙo ba ne a kunnuwanmu, domin mun fi shekara goma muna sauraronsa a waya da rediyon mota, sai dai ba mu taɓa sa shi a ido ba. Tun ranar da labarin ya fita hirar teburin mai shayi ta sauya. Wannan ya ce lallai da waƙa kaza zai buɗe fage, wancan ya ce ai ba ya taɓa ta sai dare ya raba, wani kuma yana ta lissafin abin da zai ware na kari. Mu kanmu, da furfurarmu da karatunmu, mun tsinci kanmu muna ƙidayar kwanaki kamar yaron da aka kai wa tela ɗinkin Sallarsa.

Wannan hali da muka shiga shi ya haifar da tambayar da maƙalar za ta yi ƙoƙarin amsawa. Mutumin da ya haddace waƙoƙin mawaƙi, yana kuma da su a aljihunsa, yana iya jin su duk sa'ar da ya ga dama, me yake jira kuma a dandali? Ra'ayinmu shi ne, ɗokin nan wani yanki ne na waƙar baka, kuma manazarcin da ya yi watsi da shi zai ƙare da nazarin rabin waƙa.

2.0 Ɗoki da Danginsa

Hausa tana da kalmomi da dama masu nuna karkatar zuciya ga abin da ba ya kusa, amma kowace da inda ta sa gaba. Kewa tana duban baya ne, wato abin da aka saba da shi aka rabu. Bege yakan rataya ga wanda ake ƙauna ko da babu ranar saduwa, shi ya sa ma aka kira waƙoƙin yabon Annabi (SAW) da sunan bege. Marmari na abin da aka taɓa ɗanɗanawa ne aka kwana biyu ba a samu ba. Shi kuwa ɗoki sai an sa rana yake tsirowa, kuma yana ƙaruwa ne gwargwadon matsowar ranar. Akwai ɗokin Sallah, akwai na amarya, akwai na maniyyaci kafin tashin jirgi. A dukansu mai ɗoki ya san abin da ke tafe a dunƙule, amma bai san yadda zai kasance a warware ba. Da ya san komai da ɗokin ya mutu, da kuma bai san komai ba da ba a haife shi ba tun farko.

Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan mai jiran mawaƙi, za mu ga cewa sanin da yake da shi daga faifai ko kaset ko waya ya samo shi, rashin sanin kuwa yana can a dandali yana jiransa. Saboda haka ya kamata mu dubi bambancin waɗannan wurare biyu.

3.0 Waƙar Kaset da Waƙar Dandali

Kafin zuwan na'urorin ɗaukar murya, ba a jin waƙa sai a bakin mai ita. Wanda bai je fadar Isa ba, sai dai ya ji labarin Ibrahim Narambaɗa a bakin fatake, ko ya ji wani yana kwaikwayon ɗiyan waƙarsa. Garmaho da faifansa suka fara raba murya da mai ita. Gidan Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya kai muryoyin makaɗa ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 rikoda ta zama kayan ɗakin amarya da abokiyar hirar direban mota. Daga nan aka sami wani sabon jinsin masoyi, wanda ya san muryar mawaƙi kamar yunwar cikinsa alhali ko a hanya suka haɗu ba zai shaida shi ba.

Mu ma a cikin wannan jinsi muka tashi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, aka yi masa sutura a Daura, a lokacin muna ƙarshen karatun sakandare. Mun yi ta cin burin ranar da za mu tsaya a gabansa, Allah bai nufa ba. Abin da ya rage mana shi ne kaset-kaset da 'yan hotunan talabijin. Da muka shiga fagen nazari muka jera Bakandamiyarsa da aka ɗauka a lokuta mabambanta, sai muka tarar gindin waƙar yana nan daram, amma ɗiyanta suna sauyawa, a wata ɗaukar a tsawaita wani ɗa, a wata a tsallake shi, a wata kuma a shigo da abin da babu shi a sauran. Wace ce Bakandamiyar ta ainihi ke nan? Amsar da muka gamsu da ita ita ce, kowace ɗauka shaida ce ta abin da ya faru a rana guda, a gaban wasu mutane, cikin wani yanayi da ba zai maimaitu ba.

Masana sun daɗe da lura da haka. Milman Parry da ɗalibinsa Albert Lord sun ɗauki muryoyin mawaƙan baka a tsohuwar ƙasar Yugoslabiya a shekarun 1930, suka ga mawaƙi yakan rantse cewa kalma da kalma ya maimaita waƙarsa, amma da an gwada ɗauka biyu sai a ga ba haka ba ne. Lord ya bayyana sakamakon a littafinsa na 1960, inda ya nuna cewa a wurin mawaƙin baka lokacin rerawa shi ne lokacin ƙirƙira. A nan gida, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, sa'annan Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa mana hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Duk da wannan aiki na magabata, har yanzu galibin kundayen ɗalibanmu ɗauka guda suke samu su juye ta a takarda, su sa mata suna matanin waƙa, su shiga fitar da turke da salo kamar dai rubutacciyar waƙa ce da marubucinta ya sa wa hannu ya rufe. Ba a faɗa mana inda aka rera ta, ko wa ke zaune a wurin, ko abin da ya sa jagora ya tsaya a kan sunan wani ya yi ta nanatawa. Mai shayin unguwarmu da ke gardamar da wace waƙa za a buɗe fage ya fi irin wannan kundi fahimtar al'amarin, domin shi ya san cewa waƙar da za a yi ran biki ba a riga an haife ta ba.

4.0 Abin da Mai Sauraro ke Jira

Daga hirarrakin da muke saurara a 'yan kwanakin nan, da kuma abin da muke ji a zuciyarmu, mun fahimci cewa abu na farko da ake jira shi ne ganin yadda ake yin aikin. Kaset yana ba da murya ya ɓoye jiki. Ba ya nuna yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata ya sassauta don sautin ya hau ya sauka daidai da karin harshe, ba ya nuna ƙiftawar idon da jagora ke yi wa 'yan amshi su san lokacin karɓi ya yi. Wanda ya taɓa ganin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yakan ba da labarin mamakin ƙanƙantar kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, da yadda duk wannan amo ke fita daga ɗan abin da bai wuce tafin hannu ba. Haka matan da suka halarci amadar Barmani Coge kafin rasuwarta a 2013 sukan fi tuna rawarta da barkwancinta a tsakanin ƙwarya da ƙwarya. Waɗannan duka suna cikin ma'anar waƙa, kuma babu ko ɗaya da ke hawa takarda.

Abu na biyu shi ne jiran saɓani da abin da aka sani. Masoyin da ya haddace waƙa yana tafe da ita a kansa kamar mudun awo. Idan jagora ya bi ta yadda take a kaset, sai ya ji daɗin tabbatar da haddarsa. Idan kuwa ya kauce ya saƙa sabon ɗa nan take, sai wurin ya kaure da sowa, domin kowa ya gane cewa an ba shi abin da waɗanda ba su zo ba ba su samu ba. A nan ne ake gane gwani. Mawaƙin da ba ya iya kaucewa ɗan kwaikwayon kansa ne, wanda kuma ya kauce ya kasa komowa kan gindin waƙa ya ɓata wa 'yan amshinsa aiki. Saboda haka haddar masu sauraro ita ce ma'aunin da ake auna fasahar mawaƙi da shi a wannan dare, kuma ɗoki ne ya sa suka zo da ma'aunin a wanke.

Abu na uku, wanda muke ganin ya fi sauran nauyi a gari irin Kuje, shi ne jiran jin suna. Kuje ɗaya ce daga ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, wanda aka ƙirƙira a 1976, gwamnati kuma ta tare a cikinsa a 1991. Gari ne na Gade da Gbagyi, sarautarsa ta Gomo ce, Hausawan da ke cikinsa kuwa fatauci da aikin gwamnati da neman abinci suka kawo mafi yawansu. Mutum yana iya shekara ashirin a nan ana kiransa mai doya ko mai gadi, ba wanda ya san gidan da ya fito. Ranar da makaɗin gida ya zo, sanƙira ya raɗa masa, ya ɗaga murya ya kira mutumin nan da sunan mahaifinsa da na garinsu da kirarin zuriyarsu, to a wannan dare an mayar masa da asalinsa a gaban maƙwabtansa. M. G. Smith ya nuna tun a 1957 cewa roƙo a ƙasar Hausa hanya ce ta bayyana matsayin mutum a cikin jama'a. Abin da za mu ƙara shi ne, buƙatar wannan bayyanawa ta fi tsanani ga wanda ke zaune nesa da gida.

Ta wannan fuska mai kari abokin aikin mawaƙi ne. Shi ke sa a tsawaita wani ɗa, shigowarsa fage kan juya akalar waƙa gaba ɗaya. Ita ma wannan hulɗa tana sauya kama a zamaninmu. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta yin liƙi da takardar naira, an kuma tsananta aiki da dokar a 2024 har aka hukunta wasu fitattun mutane. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa jama'a tura kari ta waya. Yanzu akan ga sanƙira riƙe da waya yana shelanta abin da ya shigo asusu. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ya kamata manazarci ya lura da yadda wannan sauyi ke taɓa tsarin waƙar kanta, tun da tazarar da ke tsakanin kari da godiya ita ke yanke tsawon ɗa.

5.0 Misali daga Wata Nahiya

Kada a ɗauka ɗokin ganin mawaƙi ciwon Bahaushe ne shi kaɗai. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, a arewacin Birtaniya, wasu matasa ƙarƙashin jagorancin Stuart Murdoch sun kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Belle and Sebastian a 1996. Faifansu na farko, Tigermilk, kwafi 1,000 kawai aka buga, saboda haka masoya suka riƙa juyar sa a kaset suna miƙa wa juna, kamar dai yadda aka yi ta juyar kaset-kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo a kasuwanninmu. A farkon al'amarinsu ba su cika fitowa wasa ba, ba sa kuma son hira da 'yan jarida. Wannan ɓoyo ya ƙara rura wutar son ganinsu. A 1999 ƙuri'un masoyansu suka ba su lambar yabo ta Brit a rukunin sababbin mawaƙa, a shekarar kuma suka shirya wani taron kiɗa na kwana uku a bakin teku a kudancin Ingila, inda masoyan suka yi tururuwa.

Darasi biyu muka ɗauka daga wannan misali. Na farko, ƙarancin gani shi ne takin ɗoki a ko'ina. Na biyu kuwa bambanci ne. Waƙoƙin irin waɗannan ƙungiyoyi rubutattu ne, faifai shi ne asalinsu, don haka galibi masoyi yana zuwa ne ya ji an rera masa abin da ya sani, shi ma ya bi da bakinsa tare da dubban irinsa. A waƙar baka ta Hausa dandali ne asali, kaset kuwa inuwarsa. Ɗokin mutumin Gilasgo ya fi karkata ga tarayya da 'yan'uwansa masoya, na mutumin Kuje kuwa ya haɗa da fatan shiga cikin waƙar da kansa. Wanda ya aro ma'aunin can ya auna waƙar nan ba tare da lura da wannan ba, zai ɗauki sauye-sauyen mawaƙinmu a matsayin mantuwa ko kuskure.

6.0 Inda Murna ke Komawa Ciki

Ba za mu ɓoye ba, ɗokinmu na bana yana gauraye da fargaba, kuma da dalili. Bara an gayyato wani matashin mawaƙin zamani wani biki a nan garin. Muna son waƙoƙinsa, muryarsa a waya kamar ana zuba zuma. Jama'a suka cika fili tun bayan Isha'i, duk da cewa tun harin da aka kai gidan yarin Kuje a ranar 5 ga Yuli, 2022 mutane ba su cika sakin jiki da taron dare ba. Mawaƙi ya iso, aka kunna na'ura, waƙa ta tashi tsaf yadda muka san ta, ba ragi ba ƙari. Uban amarya ya shigo fage, waƙa ba ta san ya shigo ba. Can sai janareto ya shaƙe ya mutu, murya ta ɗauke ɗif, aka bar mawaƙi da makirufo a hannu da baki a buɗe. Aka roƙe shi ya ci gaba da bakinsa kafin a gyara, ya ce sai wuta ta dawo.

Ba muna yi wa waƙar zamani kuɗin goro ba ne. A cikin mawaƙan situdiyo akwai masu zalaƙa da zurfin tunani, akwai kuma waɗanda in an kashe na'ura za su rera da bakinsu a ji daɗi. Situdiyo fage ne mai nasa fasahohi, waƙar da aka haifa a cikinsa kuma tana da nata ma'auni. Kuskuren yana faruwa ne sa'ad da aka tara mutane da sunan dandali aka kunna musu abin da ke aljihunsu. Duk abubuwa ukun da muka lissafa a sama sun faɗi a wannan dare: ba a ga yadda ake aikin ba, ba a kauce ko da taƙi ɗaya ba, ba a kuma kira kowa ba sai a 'yar gaisuwar da aka yi tsakanin waƙa da waƙa. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to ranar ba a bakinsa take ba.

Abin tsoron shi ne sabo. Yaran da suka tashi suna ganin motsa baki a matsayin wasa ba za su san akwai abin da ya wuce haka ba, ba za su nema ba, mawaƙa kuma ba za su wahalar da kansu koyon abin da ba a nema ba. Ƙirƙira nan take sana'a ce da ake koyo shekara da shekaru a bayan jagora, daga ɗaukar kaya zuwa amshi zuwa ƙari. Ranar da masu sauraro suka daina ɗokinta, ranar za ta fara mutuwa, ko da kuwa an cika ɗakunan karatu da faya-fayanta.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗokin mai sauraro yana da gurbi a nazarin waƙar baka, domin shi ke nuna abin da jama'a suka ɗauka waƙa ce. Muna ba ɗalibanmu shawara, musamman masu shirin rubuta kundi, da su rage dogara ga ɗauka guda. Duk wanda zai nazarci mawaƙin da ke raye, ya je ya gan shi aƙalla sau biyu a wurare daban, ya isa da wuri ya saurari abin da mutane ke cewa kafin a fara, ya rubuta wanda ya shigo fage da abin da shigowarsa ta jawo. Wanda kuwa mawaƙinsa ya riga mu gidan gaskiya, ya nemi ɗauka fiye da ɗaya, ya kuma nemi dattawan da suka halarci wasansa tun suna da sauran numfashi, don abin da ke kansu babu shi a kowane kaset.

Mu dai a namu ɓangaren mun tanadi littafin rubutu da ɗan abin kari. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma an tabbatar mana cewa baƙonmu da makaɗansa huɗu da 'yan amshinsa zai zo, babu kwamfuta a cikin kayansa. Idan Allah ya kai mu, abin da muka gani a daren za mu kawo wa masu karatu a fitowa ta gaba.